Makullin Baffa

Tun da na dawo daga Damagaram ban sha shayi cikin kwanciyar hankali ba. Da na zauna a bencin mai shayinmu na Takur sai wani ya matso ya ce, "Habibu, wai da gaske burodinsu ya kai sandar makiyayi tsawo?" Wani ya ce yaya matansu, wani ya ce me na kawo masa. Bakina ya gaji da maimaici, shi ya sa na ce bari in rubuta sau ɗaya, duk wanda ya sake tambaya in miƙa masa ya karanta, ni kuma in sha shayina da zafinsa.

Ga wanda bai san gidanmu ba, a unguwar Limawa yake, cikin Dutse. Tun zamanin kakanmu, Malam Babba, mutane suke kawo mana ajiyar takardu: shaidar sayen gona, rabon gado, iyakar fili. Ana zuba su a adaka, ana rufewa. Da Dutse ta zama babban birnin jiha, gonar da a da ko akuya ba ta kallo ta zama abin faɗa, kowa ya tuna yana da takarda a gidan Malam. Da aka ƙaddamar da shari'a kuma, tsofaffin maganganun gado suka farka, alƙali ya ce a kawo shaida, sai ka ga mutum a zaurenmu tun da asuba. Neman takarda ɗaya yakan ci wuni, ka fito da ƙura har cikin kunne.

Ni ne na ɗan koyi kwamfuta a Kano. Wani attajiri ɗalibin gidan ya saya mana guda ɗaya, na zauna wata da watanni ina shigar da bayanin kowace takarda: mai ita, inda gonar take, iyakokinta, magada, da adakar da take ciki. Ka buga suna, kafin ka ƙifta ido ta fito. Ranar da na gwada a gaban mutane har kabbara aka yi.

Matsalar Baffa ce. Baffa ƙanin mahaifina ne, shi ne babban gidan yanzu, kuma Allah bai halicci mutum mai kyauta irinsa ba. Rigar wuyansa yana iya cirewa ya bayar. Abin da ba shi da shi kawai shi ne a'a. Ita kwamfutar ba ta buɗewa sai an buga kalmar sirri, kuma ranar da za a sa kalmar Baffa ya ce a gidan malamai ba a fara komai sai da bisimilla. Aka sa bismillahi. Kafin mako ya zagayo, ladan ya sani, mai wankin hula ya sani, Ɗan'azumi dillalin filaye ma ya sani. In na fita sallah in dawo sai in tarar da shi zaune a kujerata yana karanta iyakar gonakin mutane, yana haddace sunayen magada, Baffa na gefe yana yi masa fifita.

Wadda ta tayar da maganar ita ce Iya Gambo ta Taura, tsohuwar da takardar gonarta ta fi ni daɗewa a gidanmu. Ta zo ta tsaya a ƙofar zaure, ko zama ba ta yi ba.

"Jikan Malam," ta ce da ni, "an ce dillali ya je wa 'ya'yan maƙwabciyata da sunansu ɗaya bayan ɗaya, har ya lallashe su sun sayar. A akwatin nan naka ya gani. Kakanka ya riƙe mini takarda ko ɓera bai leƙa ba. In ba za ku iya ba, ku ba ni abata."

Manyan gida suka zauna, suka ce ko in samo wa na'urar makulli na gaske, ko a mayar da ita kwalinta a koma adaka. Aikin da ya kusa makantar da ni zai tafi a banza ke nan, kuma amanar gidan ta tafi tare da shi. Sai wani ɗalibi ya ce akwai wani ofishi a Damagaram da Turawa suka taimaka aka kafa, inda ake ajiye takardun gonaki a kwamfuta, jama'a na zuwa daga ƙauyuka ana duba musu, ba a taɓa jin sirrin wani ya fita ba. Na ce zan je in gani. Baffa ya ce ai kuwa ya daɗe yana son ziyartar 'yan'uwa a can. Wato zan tafi neman maganin ciwo, ciwon kuma ya ɗauki jakarsa ya biyo ni.

Muka hau fijo daga Dutse, mu huɗu a baya, Baffa a gaba shi da wani mai buhun barkono. Tun kafin Kiyawa atishawa ta kama motar gaba ɗaya. Kafin Jahun kuwa Baffa ya riga ya san sunan kowa da na ubansa, ya kuma ba su labarin na'urar.

"Ai abin mamaki ne," in ji shi. "Ka buga suna, ta fito maka da gonar mutum har da kukar da ke iyaka. In kun shigo Dutse ku zo ku gani. Ko yaron nan ba ya nan, bismillahi kawai za ku buga."

Na dafa kafaɗarsa ta baya na ce, "Baffa, ai sirri ne."

Ya juyo ya dube ni da mamaki. "To ai su ma sirrin za su riƙe. Ko ba haka ba, jama'a?" Motar ta amsa baki ɗaya cewa haka ne, har direba.

A Gujungu muka tsaya aka ɗaure salansa da waya, muka ci rogo da ƙuli. A Gumel muka sake mota. Muka isa Maigatari ranar kasuwa, raƙuma da shanu sun cika ko'ina, ga 'yan canji suna bin mutum kamar ƙuda ya ga mangwaro. A nan na fara jin cewa tafiyar ta zama ta gaske, don ban taɓa fita ƙasar nan ba.

A tsallaken iyaka wani jandarma siriri mai gashin baki ya tare mu a ƙarƙashin rumfa, ya ce katin shaida. Na miƙa nawa. Baffa ya laluba aljihu ya fito da carbi, da goro, da asuwaki. Kati kam babu, bai ma taɓa yi ba.

"Baba, ina kardante?" in ji jandarman. Haka suke kiran katin.

"Ɗana, ni ne Malam Sule na Limawa, ɗan Malam Babba, jikan Malam Haruna mai tafsiri. Ka tambayi kowa."

"Baba, wa zan tambaya a nan?"

Baffa ya waiwaya. Ikon Allah, cikin masu raƙuma sai ga wani dattijo da ya taɓa karatu a zaurenmu, ya zube yana gaisuwa. Jandarman ya ga haka ya cire hula, ya matso a hankali ya ce matarsa na da tsohon ciki, a sa ta a addu'a. Baffa ya yi addu'a mai tsawo har layin motoci ya taru. Da aka shafa, jandarman ya tambayi abin da zai kai mu Damagaram. Na buɗe baki ke nan Baffa ya riga ni, ya bayyana masa komai, ya rufe da cewa in Allah ya kawo shi Dutse, bismillahi kawai zai buga. Ka ga sirrinmu ya ƙetare iyaka ba tare da kati ba, shi ma.

Daga nan zuwa Dungas a bayan a-kori-kura muka tafi, tare da tumaki biyu da wata mata mai ƙwaryar nono da ta rantse ko ɗigo ba zai zube ba. Ya zube, a kan rigata ta zuwa ofis. Inda yashi ya yi yawa sai a ce maza su sauka su tura. Baffa ba ya sauka, daga sama yake ba mu ƙarfin gwiwa da salati.

A Damagaram muka sauka unguwar Birni, gidan Alhaji Mamman, ɗan wani ɗalibin kakanmu. Mutanen kirki ne ƙwarai. Hausarsu tamu ce, sai dai ana cikin tafiya lafiya lau sai su jefo Faransanci kamar tsakuwa a shinkafa. Burodin da kuke tambaya gaskiya ne, dogo ne, a hammata ake riƙe shi, kuma in ya kwana sai an jiƙa. Baffa ya gwada shi da haƙoransa na gaba, ya ajiye, ya ce wannan a ba makiyaya. Shayinsu kuwa a ɗan kofin gilashi kamar na maganin tari ake ba ka, na farko ɗaci kamar maɗaci, kuma ba a tashi sai an sha zagaye uku. Ni da na saba da kofin roba cike da madara da rabin burodi, sai na ji kamar ana tsokanata. Amma kilishinsu, jama'a, ku bar shi kawai. Wanda na ce zan kawo muku ma a Gumel ya ƙare.

Washegari muka yi wanka muka nufi ofishin da hantsi ya yi sosai, don a wurinmu lokacin ne ma'aikaci ya gama gaisawa ya zauna. Muka tsaya gaishe-gaishe a hanya, muka isa rana tsaka, muka tarar an garƙame. Mai gadi ya ce an tafi cin abinci da barci, sai bayan azahar sosai a dawo. Gari guda ya kwanta da rana kamar an yi dokar hana fita. Baffa ya ce wannan ƙasa ta san darajar ɗan Adam, ya shimfiɗa buzunsa a inuwar ofishin ya bi sahu.

Da aka buɗe na ce ina neman shugaban masu kwamfuta. Ina jiran in ga wani ƙato mai taye, sai ga wata 'yar siririyar mata da tabarau da lulluɓi, ta ce ita ce, sunanta Madam Hadiza. Ta durƙusa har ƙasa ta gaida Baffa, ta kira shi Baba Malam, ta sa aka kawo masa ruwan sanyi. Na yi mata bayanin aikina, na ɗan ƙara gishiri. Ta saurara, sannan ta ce, "To mene ne kod ɗinku?" Kalmar sirri take nufi.

"Ai ba a faɗa, Madam," na ce, ina hura hanci.

"Gidan malamai ne ko? Bismillahi ce."

Baffa ya tafa hannu. "Allahu akbar! Yarinyar nan tana da ilhama!"

Ni kuwa da ƙasa ta tsage da na shige.

Ta zagaya da mu. Abin da na fara lura da shi, ba na'ura ɗaya ce ke aikin ba. Babbar tana wani ɗaki a kulle, ita ke riƙe da takardun duka, sai ƙanana a waje da aka haɗa su da ita da waya, kowace da ma'aikacinta. Ta ce in jama'a sun yi yawa ba sai an taɓa babbar ba, ƙaramar ake ƙarawa, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Manoma na zaune a benci kowa da lambarsa a hannu, babu mai cewa shi surukin wane ne a fara duba masa. Duk Juma'a kuma ana kwafe komai a faifai a kai wani gini daban, ko gobara ta tashi ba a yi asara ba. Na tuna tamu da ke zaune kusa da randar ruwa, a ƙarƙashin indararon da ke yoyo.

Sai maganar makulli. Ta ce a nan kowa da nasa, kuma ba kowane makulli ke buɗe kowace ƙofa ba. Na mai karɓar baƙi suna da lamba kawai yake nuna masa. Na mai dubawa yana buɗe takarda, amma sai mai ita na tsaye. Na'urar kuma tana rubuta wanda ya buɗe, da abin da ya buɗe.

Muna cikin haka shugaban ofishin gaba ɗaya ya shigo, babban mutum mai tumbi, da wani baƙo a bayansa. Ya ce da ita cikin Hausa ta ɗan buɗe wa abokinsa takardar wata gona ya gani. Ta miƙe tsaye da ladabi ta ce, "Ranka ya daɗe, sai mai gonar ya zo." Na sunkuyar da kai ina jiran aradu ta faɗo. Mutumin ya yi dariya, ya ce da abokin, ka gani ko, na gaya maka, suka fita. A raina na ce da a wurinmu ne, da yanzu an tara mata dangi ana tambayarta wa ya yi mata tarbiyya.

Da muka keɓe na gaya mata gaskiya. Na ce wayoyi da faifai duk zan iya, makulli kala-kala ma ta nuna mini na gane. Abin da ba zan iya ba shi ne in dubi Baffa, wanda ya riƙe ni tun rasuwar mahaifina, in ce masa ga ƙofa a gidansa da ba shi da makullinta. In kuma na ba shi, kafin la'asar an ji a kasuwar Shuwarin. Ta ce wannan kam ba ta da na'urar da ke gyara shi.

Ashe Baffa na bakin taga a kan buzunsa, ya ji komai. Ya yi gyaran murya ya shigo. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba.

"Habibu," ya ce, "ashe ni ne ɓeran."

"Baffa, wallahi ba haka nake nufi ba..."

"Haka ne mana. An ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, to nawa don tuwon aka yi shi. Mutum ya dube ni ya ce Malam don Allah, ban san yadda ake cewa a'a ba. Ban iya ba, kuma na tsufa da koyo." Ya juya wajen Madam. "'Yata, makullin nan dole sai abin da yaro ya zaɓa, ko mutum na iya zaɓar nasa?"

Ta ce kowa shi ke zaɓar nasa, kada ma wani ya gani. Ta zaunar da shi a gaban wata na'ura don ya koyi yadda ake yi, ta nuna masa haruffan boko a kan maɓallai. Ya ce mu juya baya. Muka juya. Muna jin ƙas, shiru, ƙas, da yatsa ɗaya, kamar kaza na tsintar gero. Ya daɗe. Da ya ce mu juyo sai na ga yana goge ido da bakin rawani, na ɗauka hasken na'urar ne.

Madam ta ce, "Baba Malam, in dai suna ne, ana iya cinka."

"Suna ne," in ji Baffa. "Amma wannan babu mai cinkarsa. Mu biyu muka rage a duniya da muka san shi, kuma duk cikinmu babu mai faɗa."

Bai ƙara ba, ni ma ban tambaya ba. Sai a hanyar dawowa, bayan mun wuce Dungas, motar ta kafe a yashi aka sauka turi, mu biyu muka zauna a gindin wata aduwa. A nan ya gaya mini. Ya ce kafin yayana Sani, wanda duk muka ɗauka shi ne ɗan farinsa, an haifa musu 'ya mace, shi da matarsa Inna, lokacin suna zaune a wani ƙauye yana karatu. An raɗa mata suna, ba ta yi arba'in ba ta koma. Kun dai san al'adarmu, uba da uwa ba sa kama sunan ɗan fari, kunya ba ta bari. Tana raye bai kira ta ba, bayan ta tafi kuma babu dalilin kira. Tsofaffin da suka halarci sunan duk sun rasu.

"Shekara fiye da arba'in," ya ce, "bai taɓa fita daga bakina ba. Jiya ne na fara rubuta shi."

Ni da na taho ina jin haushinsa tun daga Kiyawa, sai ga ni ina kallon ƙasa. Allah ya taimake ni direba ya yi kiran a zo a tura.

Mun dawo lafiya. Na janye na'urar daga gindin indararo, attajirin nan ya ƙara mana ƙarama ɗaya, na yanka kwali na yi lambobin layi, faifai kuma duk Juma'a ina kai shi gidan yayata. Bismillahi tana nan, da baki muke yin ta kafin a kunna. Na yi makullina, Baffa ya sa aka juya baya ya buga nasa.

Ba a jima ba Ɗan'azumi ya zo, ranar kuwa Iya Gambo na zaure ta zo jin yadda aka kwana. Ya zauna a kujerata kamar kullum, ya buga abin da ya saba, na'ura ta ƙi. Ya sake, ta ƙi. Ya juya yana murmushi.

"Allah gafarta Malam, an canza ne? Don Allah mene ne sabon?"

Na ga bakin Baffa ya buɗe da kansa, yadda ya saba, don an ce don Allah. Sai kuma ya rufe shi.

"Ba na iya faɗa, Ɗan'azumi."

"To a rubuta mini a takarda mana."

"Abin da baki ya ji kunyarsa, hannu ne zai yi rashin kunya?"

"To Malam ya taso ya buɗe da kansa, ni zan kau da kai. Gona ɗaya kawai zan duba."

Baffa ya dube shi. Sannan ya laluba aljihu ya ɗauko goro, ya ɓare, ya miƙa masa babban ɓarin.

"Ci goro," ya ce. "Rigata ma in kana so ɗauki. Amma da sunan nan ba zan buɗe wa kowa abin da ba nasa ba."

Ɗan'azumi ya karɓi goron ya fita yana waiwaye, bai gane komai ba. Iya Gambo ma ba ta gane ba, amma ta ga abin da ta zo gani. Ta gyara lulluɓinta, ta ɗauki sandarta, ta ce, "Jikan Malam, a bar takardar inda take."

To kun ji abin da na samo a Damagaram. Kada wani ya ɓata lokacinsa ya je wajen Inna da dabara, an riga an gwada, muciya ta ɗauka. Wanda kuma yake bin bashin kilishi ya yi haƙuri, ya tambayi Baffa, shi ya rabar da shi a mota.